Mai Sunan Rijiya

Shekara bakwai da haihuwar yarinyar, Siddiƙa ba ta taɓa kama sunanta da bakinta ba. Ga wanda ya tashi a Damagaram wannan ba abin mamaki ba ne. Na farko dai 'yar fari ce, uwa kuwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Na biyu kuma sunan uwar mijinta aka maida wa yarinyar, wato Sa'adatu, wadda ta rasu ana saura wata biyu a haifi jikar tata. Kunya ta hau kan kunya ke nan. Tun ranar suna kowa ya kama kiran jaririyar 'Yargata, har maƙwabtansu na garin Arlit, inda suke zaune, suka ɗauka shi ne sunanta na yanka. Ita kanta Siddiƙa, a unguwa ba wanda ya damu da sunanta. Maikitso ake ce mata, don sana'arta ke nan.

Mijinta Ɗalhatu lebura ne a wajen wani ɗan kwangila, har zuwa shekarar da aka rufe ma'adinin Akokan aikin ya mutu. Ya yi shekara guda yana zaman gindin bango yana shan shayin mutane, sannan ya gaji da kunyar shigowa gida hannu wofi, ya bi motar masu haƙar zinariya zuwa Tchibarakaten, can cikin sahara. A wurin rijiyoyin haƙo sun fi a ƙirga, bakinsu duk iri ɗaya, sai an sa wa kowace suna kafin mai kawo ruwa ya san inda zai sauke bido, wato jarkar ruwa. Wata ana ce mata Dubai, wata Sai Haƙuri, wata Ba Komawa. Da aka tambayi Ɗalhatu sunan tasu, kewar gida ta riga hankalinsa magana. Mutumin da ko a ɗakinsa ba ya kama sunan mahaifiyarsa, sai ga shi ya sa an rubuta shi da fenti a jikin gwangwani an kafa a bakin rami.

Wata biyar suna haƙa ba su ga komai ba sai dutse da ƙishirwa. A na shida suka faɗa kan jijiyar zinariya wadda tsofaffin wurin suka ce ba su taɓa ganin irinta ba.

Kafin Ɗalhatu ya aiko da ko ƙyalle, sunan ya riga shi isowa Arlit. A goshin manyan motoci ya zo, an rubuta shi da ja da kore. Siddiƙa ba ta yi boko ba, ba ta kuma san abin da ke jikin motocin ba, sai ranar da suke dawowa daga kasuwa 'Yargata, wadda ta fara lakwal, wato makarantar boko, a shekarar, ta ja mata zane tana tsalle, wai ga sunanta a jikin mota. Siddiƙa ta ɗan buge mata baki don kunya, amma ta saci kallon rubutun. Harafin farko ya lanƙwashe kamar maciji, na ƙarshe kamar ƙoƙon da aka ajiye baki sama. Daga ranar ta riƙa gane shi ko'ina, a ƙofar butik, wato kanti, a teburin mai shayi, har a bayan kura ta 'yan ga-ruwa.

Mai kitso ba ta zuwa neman labari, labari ne yake zuwa ya kwantar da kai a cinyarta. Matar wani direba ta ce mutanen Sudan da na Cadi da ke can sun rantse Sa'adatu ba mutum ba ce, a harshensu ni'ima ce kawai, irin wadda ake yi wa muminai alkawari. Wata Bakanuwa mai sayar da turare ta ce ina, ai kowa ya ji sunan ya ji sa'a a cikinsa, shi ya sa ƙanwarta da ta haihu jiya-jiya aka raɗa wa 'yar. Abzinawa kuma, in ji wata, cewa suke rijiya ba ta ɗaukar sunan mace haka kawai, sai dai in matar ce ta fara kafa tanti a wurin, don haka lallai akwai wata tsohuwa da ke da haƙƙi a ramin. Akwai ma masu cewa aljana ce wani Badamagare ya aura a ɓoye, ita take nuna masa inda zai sara. Har atamfa aka fito da ita mai zanen ɗigon rawaya, ana kiranta da sunan. Siddiƙa tana ji, tana tsaga gashi da tsinke. A ranta tana dariya, don mai sunan da ake ta yi wa kirari ga ta can bakin murhu tana lasar ludayi, majina har leɓe.

Dariyar ba ta yi shekara ba. Jijiyar ta ɓace rana ɗaya, kamar an ɗauke ta da hannu. Suka bi ta gabas, suka bi ta ƙasa, suka yi ta nutsawa har ramin ya kai gaba sittin, inda sai an tura iska da tiyo kafin mutum ya iya numfashi. Ana cikin haka bango ya rufto wa mutum huɗu. Ɗaya daga cikinsu ƙanen wani Bakatsine ne mai suna Fatahu, abokin haƙar Ɗalhatu, wanda Ɗalhatu yakan yaba a waya, ya ce mutum ne da zai ba ka ruwansa ya kwana da ƙishi.

Matan da ke kwanciya a cinyar Siddiƙa suka canja murya. Wadda ta raɗa wa jaririya sunan ta koma kiranta Ummi. Mai shayi ya kankare teburinsa. Aka fara cewa, ƙasa-ƙasa, rami ba ya ɗaukar sunan mai rai ya zauna lafiya, yana jiran ya ga mai shi ne.

Wata ranar Talata da la'asar sakaliya salularta ta yi ƙara, lambar da ba ta sani ba. Ɗalhatu ne, muryarsa a shaƙe, yana sauri kamar wanda ya ari wayar ba da sanin mai ita ba. Ya ce masu rijiyar sun kawo wani mai duba, ya buga ƙasa ya ce zinariya ba ta gudu ba, fushi ta yi, kuma ba za ta dawo ba sai an kawo mai sunan an zura ta a guga har ƙasa ta dafa dutsen da hannunta. Ya gaya musu sunan mahaifiyarsa ne, ta kuma rasu. Mai duba ya ce ƙarya ne, mai sunan tana raye, tana Arlit, tana cin tuwo a gidansa. Tun daga ranar ba a bar shi ya yi nisa da bukka ba.

"Ba su san ko matata ba ce, ko ƙanwata, ko 'yata," in ji shi. "Ban taɓa kama sunanki a gabansu ba, ban taɓa ce musu ina da 'ya ba. Ki bar gidan nan gobe. Kada kowa ya ji sunan a bakin kowa."

"In ta dafa dutsen, sai kuma me?" ta tambaye shi.

Ya yi shiru. Tana jin iska tana kaɗawa a wayar, da ƙarar inji can nesa. Ta sake tambaya, wayar ta yanke.

Tsoro ya kama Siddiƙa. Ƙattin maza ma sumewa suke a gindin ramin nan, balle yarinyar da ko rijiyar gida ba a bari ta leƙa. Ta kuma san abin da ake nufi in mutum ya yi shiru a kan irin wannan tambaya.

Tunaninta na farko tasha ne, ta hau bas ta yi kudu. Amma ta san yadda ake shiga bas a garin nan: yaron kamfani ne yake tsayawa bakin ƙofa da takarda yana ƙwala sunan fasinja ɗaya-ɗaya, a gaban direbobi da 'yan kamasho waɗanda rabinsu da Tchibarakaten suke ci. In ma ta ba da sunan ƙarya, a hanya za a duba takardar haihuwa. Ta yi tunanin kai ƙara, sai ta rasa abin da za ta ce. Ba wanda ya taɓa ta tukuna, mijinta kuma yana hannunsu a wurin da mota take kwana biyu kafin ta kai. Abin da ya rage shi ne wani ɗan garinsu mai motar albasa da yake zuwa duk bayan mako biyu, wanda zai ɗauke su a gaban mota ba tambaya. Saura kwana goma ya zo.

Da gari ya waye ta gaya wa maƙwabta za ta gida ganin dangi, ta ɗaure kaya a ƙunshi biyu, ta ja 'yarta suka yi Akokan. Tafiyar ba ta da nisa, amma garin ya zama wani iri tun da aka rufe ma'adinin. Layi guda sai ka wuce gida biyar a kulle kafin ka ji kukan yaro. Ta sami ɗaki a gidan wata tsohuwa Ba'abziniya mai suna Dassin, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watsu, ta rage daga ita sai awaki uku.

Dassin ba ta da yawan tambaya, amma ba makauniya ba ce. A kwana na biyu ta ga yadda baƙuwarta take zabura in mota ta wuce, ta zaunar da ita ta dafa mata shayi. Siddiƙa ta ba ta labarin duka, tana kewaye sunan, tana cewa "sunan nan na jikin motoci". Tsohuwa ta gane. Ta ce a wajensu babu girman da ya fi a kira rijiya da sunan mace, kakarta ma tana da tata a cikin duwatsun Abzin, har gobe raƙuma suna sha ana sa mata albarka. Sannan ta juya kofin a hannunta ta ƙara da Hausarta ta 'yan arewa: "Amma wancan rijiya ruwa yana ba mutane. Wannan naku, mutane yana sha. Kai zauna nan, yarinya kada ya fita shi kaɗai."

Labari ya iso ta bakin wata mai tallan kuka cewa wasu mutane a farar mota sun je tsohon gidansu na Arlit suna tambayar Sa'adatu. Maƙwabta suka ce su ba su san wata mai wannan suna ba, gidan Maikitso ne da 'Yargata, sun kuma tafi Damagaram. Ba ƙarya suka yi ba, iyakar saninsu ke nan. Siddiƙa ta yi hamdala. Kunyar da aka raine ta da ita, wadda 'yan birni suke yi wa dariya suna cewa ƙauyanci ne, ita ce ta zame wa 'yarta katanga.

Sai dai katangar nan ita ce kuma ta hana ta yin magana sosai. Ya kamata ta zaunar da yarinyar ta ce mata ga sunan, ga masu nemansa, ga abin da za su yi. Sau biyu tana buɗe baki, harshenta ya ƙi. Abin da ta iya cewa kawai, tana kallon gefe, shi ne, "Ke, sunan nan naki na lakwal, kada ki faɗa wa kowa." 'Yargata ta gyaɗa kai. Yarinya ce mai jin magana, ba ta kuwa faɗa wa kowa ba.

Amma an raba ta da lakwal a daidai lokacin da hannunta ya fara faɗawa da rubutu, an kulle ta a gidan da ba yaro ko ɗaya, da guntun alli a aljihun riga. Ta rubuta a ƙasa, awaki suka tattake. Ta rubuta a gindin tukunya, aka wanke.

A kwana na shida farar motar ta fara yawo a Akokan. Ba ta gudu, ba ta tsayawa, layi-layi take bi kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Wani ya gaya musu ba a ga Maikitso a tasha ba. Siddiƙa ta daina fita, sai a kwana na takwas da garin tuwo ya ƙare, wata amarya a bayan masallaci ta aiko tana son kitso. Ta tafi da hantsi, ta bar yarinyar a hannun Dassin, wadda ta ce in rana ta ɗan yi za su je bayan gari tare su samo wa awaki ciyawa.

Azahar ta kusa lokacin da ta dawo. Tun daga bakin layi ta hango wani fari-fari a jikin ƙofar gidan, ƙofar ƙarfe ce mai tsatsa. Da ta matso ta ga rubutun alli ne. Ga macijin a farko, ga ƙoƙon a ƙarshe. Sau uku aka rubuta shi, manya-manya, kowane ya fi na samansa kyau, mafi tsawonsu bai wuce ƙugunta ba. Ta tofa yawu a bakin mayafinta ta shiga gogewa. Alli ya shige cikin tsatsa, yana dusashewa amma ba ya fita. Tana cikin goge na biyu ta ji ƙarar inji a bayanta, a hankali, sannan ya mutu.

Mutum biyu suka fito, direba ya zauna a ciki da rawaninsa. Na farko dogo ne baƙi, mutumin Sudan, Mohamed, mai injin da ke jan guga a rijiyar. Na biyu gajere ne mai furfura a gemu, idanunsa sun yi ja irin na wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ya yi sallama cikin ladabi, ya ce shi ne Fatahu, abokin maigidanta, ya ce Ɗalhatu yana lafiya yana gaishe su. Sannan ya dubi ƙofar, ya dube ta, ya tambayi wace ce mai wannan suna a gidan.

Siddiƙa ta san a bayan ƙofar nan akwai ƙananan takalma a bakin ɗaki, da 'yar riga a kan igiya. Ta san kuma ciyawa ba ta ɗaukar mutum wuni guda, yanzu haka suna hanya. Ba ta yi wani dogon tunani ba, ta jawo ƙofar ta rufe ta da kyau, ta juya ta ba ta baya.

"Ni ce," ta ce.

Mohamed ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah da Larabci. Fatahu bai motsa ba.

"To, baiwar Allah," ya ce a hankali, "hwaɗi sunan naki mu ji."

Abu ne da ba ya ɗaukar numfashi ɗaya. Ta san ran 'yarta yana kansa, ta kuma yi niyyar faɗinsa da ƙarfi, ido cikin ido. Amma jiki yana da nasa karatun. Kafin ta ankara kanta ya sunkuya, hannunta ya kai bakin mayafi kan leɓenta, sunan ya fito a can ƙasan maƙoshi kamar na wadda aka kama da sata.

"Sa'adatu."

Mohamed ya gamsu. A ganinsa mace ce mai kunyar baƙin maza, ya ma ji daɗin hakan. Ya buɗe mata ƙofar baya da kansa, yana ce mata da guntuwar Hausarsa kada ta ji tsoro, hannu kawai za ta sa, kwana huɗu a dawo da ita da alheri mai yawa. Ya tambaya ko za ta ɗauko kaya. Ta ce ba ta da abin ɗauka. Fatahu ya daɗe yana kallonta kafin ya zagaya ya shiga ya zauna a gefenta, ya bar tazara tsakaninsu kamar yadda ya kamata.

Motar ta juya. Ba su kai ƙarshen layin ba ta hango su suna tahowa, Dassin da damin ciyawa a ka, 'Yargata a gaba tana jan wani reshe a ƙasa tana waƙa, gaban rigarta duk farin alli. Siddiƙa ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta bar 'yar kafa. In yarinyar ta gan ta za ta rugo tana kiran Inna, shi ke nan an gama. Dassin ta dubi motar, ta dubi mayafin da ta sani, ba ta ko rage tafiya ba. Ta sa hannu ta kama wuyan rigar yarinyar ta karkata da ita cikin wani lungu, tana yi mata faɗa da harshensu kamar wadda ta yi wani laifi. Motar ta wuce. Siddiƙa ba ta waiwaya ba, ko da yake duk jikinta waiwayen yake so.

Fatahu ne ya waiwaya. Ya bi lungun da kallo har ya ɓace, sannan ya gyara zama. A gaba Mohamed da direba sun kama hira da Larabci, an kunna waƙa. Sai da suka wuce gidajen ƙarshe na Akokan ya yi magana, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ta ba, da Hausar da ya san na gaba ba za su tsinta ba.

"Na ga mace ta ji kunyar sunan mijinta. Na ga ta ji kunyar na suruka, da na ɗan hwari. Ban taɓa ganin wadda ta ji kunyar nata ba."

Siddiƙa ta ƙara jan mayafinta.

"Ni ma ina da ɗiya," ya ce. "Ba ni ce musu komi. Ƙanena yana cikin ramin nan har yau ba mu hiddo shi ba, kuma mutum ɗari suna jiran mu koma da wani abu. Mu tahi da ke. In rijiya ta karɓe ki, kowa ya huta. In ba ta karɓa ba, na ga gidan da ɗiyar take."

Saura kwana biyu mai albasa ya zo, Dassin kuma ba ta san sunansa ba, ba ta san inda yake sauke kaya ba. Siddiƙa ta tuna ba ta taɓa gaya mata ba.

Motar ta bar hanyar gari ta hau rairayi ta miƙi arewa. Siddiƙa ta haɗa hannuwanta a ƙarƙashin mayafi, ta shiga roƙon Allah da dukan zuciyarta ya sa rijiyar ta karɓe ta.